Ƙarafan Hagu na Babanku

Kun girma kuna jin cewa ni ce na ɗauki kyautar da yayanku ya kawo wa babanku daga Yamai, sabuwa fil, na kai kasuwar Konni na musanya ta da tsofaffin ƙarafa na gwanjo. Ba ƙarya aka yi mini ba, haka na yi. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, domin babanku ya roƙe ni in yi shiru yana da rai, ni kuwa ban iya saɓa masa a kan abin da ya roƙa ba. Yanzu ya daɗe a ƙasa, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, gara ku ji daga bakina. Ba zan rubuta sunan yayanku ba, ɗan fari ne, kuma ya san da shi nake.

Ƙananan cikinku ba su san zamanmu na Malbaza ba. Babanku gyaran wuta yake yi a kamfanin siminti, muna zaune a gidajen ma'aikata, ni kuma ina kai da kawowa Konni da atamfofina. A can ya koyi wasan da ake ce wa golf, wurin wani injiniya baƙo da ya zauna 'yan shekaru, ya tafi ya bar musu sandunansa. Kada ku ɗauka irin filin nan ne mai ciyawa da kuke gani a telebijin. Fako ne a bayan gari, jar tsakuwa da ƙaya, suka share wurare suka binne gwangwanayen tumatir, suka kafa kara da tsumma a kai. Kowa yana yawo da guntun kafet, duk inda ƙwallonsa ya faɗi sai ya ɗora shi a kai ya buga, don kada dutse ya ci masa ƙarfe. Sandunan da suka fi amfani da su masu kan ƙarfe ne, kowace da lambarta, su kuwa ƙarafa kawai suke ce musu. Na sha yi masa tsiya, in ce magidanta da gemu suna bin abu kamar ƙwan zabuwa cikin rana, ga jikokinsu na lakwal, 'yan makarantar boko, sun fi su abin yi. Sai ya yi dariya ya ce in bari, ba zan gane ba. Bai taɓa ƙwarewa ba, abokinsa Idi, tsohon malamin lakwal, shi ya sa ake ce masa Mushe Idi irin na Faransanci, kullum shi ke cinye shi. Amma ko bayan ya aje aiki mun dawo Konni, ran Lahadi ba ta wuce shi, Mushe Idi zai zo da tsohuwar motarsa su tafi Malbaza su dawo da jar ƙasa har gira.

Shekarar da nake ba ku labari, tansiyo, wato hawan jini, ya kayar da shi wata safiya yana alwala. Muka yi kwanaki a asibiti. Allah ya taimaka bakinsa ya miƙe, ƙafa ta dawo, yana ɗan ja amma yana tafiya. Hannun dama ne ya ƙi, ya zama sai dai a ɗaga shi a ajiye. Da muka dawo gida ya gwada fita sau ɗaya. Kun san Konni, daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci mutum ba ya wucewa sai ya gaisa da rabin unguwa, kuma kowa hannu zai ba ka. Na farkon da ya miƙo masa hannu, sai da babanku ya sa hagu ya tallafo damar ya ɗaga ta, mutumin ya riƙe yatsun da ba sa motsi ya ce Allah sarki. Wannan Allah sarkin ne ya mayar da shi ɗaki. Ya daina cin abinci a zaure da mutane, sai in kai masa ya tura ƙofa. Ya daina zuwa Juma'a. Masu zuwa dubiya a ce musu yana barci. Da muka koma wurin likita, ya dube ni ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, in bai tashi ya yi tafiya ya shiga mutane ba, bugun ciwon na biyu yana nan tafe, kuma na biyun ba ya barin mutum yadda na farko ya bar shi. Na fito daga asibitin nan ina jin tsoron da ban taɓa ji ba, har na wuce mai kabu-kabun da ke jirana ban gan shi ba.

Yayanku ya yi abin da ɗa nagari zai yi. Ya je wurin masu wasan a Yamai ya yi tambaya, ya sa aka kawo masa sababbin ƙarafa daga waje, irin na tsofaffi, marasa nauyi, cikin jaka mai kyau da har yau ban ga irinta ba. Suka gaya masa masu hannu ɗaya ma suna bugawa, sai dai babanku ya riƙe da hagu ya tsaya yadda ya saba tsayawa, ya kaɗa da bayan hannu. Ya zo da murnarsa ya kwance jakar a tsakar gida. Babanku ya fito don kada ya kunyata ɗansa, ya ɗora ƙwallo a tabarma ya kaɗa. Ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. A na uku ƙarfen ya kuɓuce masa ya tashi ya fasa randar da ke gindin darbejiya, ruwa ya malale har ƙafarsa. Ba wanda ya yi dariya, kuma ina ganin da an yi da ya fi sauƙi. Ya sa wa yayanku albarka, ya koma ciki. Yayanku ya koma Yamai yana cewa a hankali zai saba. Jakar ta zauna a jingine a kusurwar ɗaki, daidai inda idonsa ke sauka in ya farka. Wani lokaci in na fita sai in ji ya ɗauko ɗaya ya gwada a ɗaki, sai in ji ƙarfe ya daki bango, daga nan ranar ko fura ba zai sha ba.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a ƙauyensu, bayan Illela, ta wajenmu ba ta Najeriya ba. Shi ba zai je ba, sai na tafi a madadinsa. Bayan an watse na zauna da Gwaggonku Hassu, yayarsa, wadda ita ta goye shi. Idonta ya riga ya tafi a lokacin, amma kanta garau. Ta tambaye ni jikinsa, na zayyana mata komai, har na ce abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin da aka bari da hagu kaɗai, amma kwano ya dawo tas, riga ba ɗigon miya, gemu a gyare kamar wanzami ya zo. Sai ta yi 'yar dariya.

"To ina za shi zubarwa, Rabi? Ai hannunai na na haihuwa. Bahago na, tun shina rarrahe."

Na ce ban gane ba. Sai ta ba ni labarin da fiye da shekara talatin ina gidan mutumin nan ban taɓa ji ba. Ta ce yana yaro babu mai jifa irinsa a ƙauyen, da guntun icce yake sauko da kurciya daga kan gawo, duk da hagu. Kakanku kuwa malami ne, ya ce ba za a yi bahago a gidansa ba, ɗan da zai riƙe allo ya ci tuwo da mutane. Ya sa baduku ya ɗinka 'yar jakar fata, aka zura hannun a ciki aka ɗaure a wuyan hannu, damina guda cur. Da aka kwance, aka ɗora wa wansa, Baffanku Liman, aikin tsaro. In an zauna cin abinci yana gefensa da ludayi, da hagun ta motsa sai ya ƙwala mata. Haka ya koyi rubutu da dama, ya koyi aikin wuta da dama, ya aure ni da dama. Ta ce ita ce ke kwance masa jakar in tsoho ya tafi gona, ta shafa masa man shanu, don fatar tana cin wuyan hannun. Na san tabon, wani zobe fari-fari, babanku ya ce mini ƙunar wayar wuta ce.

A motar dawowa haushi ne ya fara kama ni, na mutumin da ya ɓoye mini hannunsa tsawon aure. Kafin mu kai Konni haushin ya koma tausayi. Na gane abin da yake rufe wa ƙofa ya wuce hannun da ya mutu, har da mai ran, wanda aka koya masa tun yana yaro cewa abin kunya ne a gan shi. Washegari na aika aka kira mini Mushe Idi, na tambaye shi ko ana yin ƙarafan nan na bahagwai. Ya ce ana yi, fuskar kan tana duban ɗaya gefen, mutum ya tsaya ta can ya buga kamar mai jifa, sai dai shi bai taɓa ganin mai su ba a ƙasar nan. Ni kuwa na san inda ake ganin abin da ba a taɓa gani ba. Akwai Alhaji Mamman mai gwanjo, wanda motocin da ake kawowa daga Kwatano ke zuwar masa cike da tarkacen Turai, firji da keke da takalman sanyi da ba mai sawa. Na ɗauki Mushe Idi muka je. Alhaji Mamman ya sa aka jawo jakunkuna daga ƙarƙashin tulin katifu, ya ware biyu gefe da ƙafa.

"Hajiya, waɗanga kak ki ɓata lokacinki, karkatattu na. Kowa yad diba sai shi aje."

Su muke nema. Mushe Idi ya rungumi jaka ta farko kamar ya ga ɗan'uwa. Cikakku ne, ba wadda ta ɓace, ƙotarsu ƙarfe ce mai walƙiya, kawunan sirara. Ya ce irin waɗannan ƙwararru ke riƙewa, kuma mutum kamar babanku bai kamata a kai masa abin da bai cika ba. Na biyun kuwa ba kyan gani. Ƙotar baƙa ce, ba ƙarfe ba, kawunan faffaɗa da rami a baya, wasu lambobin babu, robar mariƙin ta ruɓe tana barin baƙi a tafi. Ban san wasan ba, amma na yi shekaru ina zaɓen kaya da hannu. Na sa damata a baya, na ɗauki mai walƙiyar da hagu na yi ta kaɗawa a tsakiyar shagon, yaran kasuwa suna leƙe suna cewa Hajiya ta samu sabon aiki. Ban jima ba wuyan hannuna ya fara zafi. Na ɗauki baƙar, na kaɗa har na gaji da kaɗawa hannun bai ce komai ba. Na tambayi Mushe Idi amfanin faɗin kan, ya amsa da ƙyar cewa mai faɗin yana yafiya, ko ba ka sami ƙwallon a tsakiya ba zai tashi, sirarin kuwa sai ka dace daidai. Na ce to mutumin da ya fasa mini randa yafiya yake bukata. Saura tsawo. Babanku dogo ne, ni kuma na yanka masa yadi tun muna Malbaza, na san kamu nawa ne daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa. Na auna da dantsena, masu walƙiyar sun gaza da 'yan yatsu, baƙaƙen sun yi daidai. Na ce waɗannan za mu ɗauka.

Ina da abin da zan saye su, kada wani ya ce muku rashi ne ko son riba. Musanyar da gangan na yi ta. Na san babanku, muddin kyautar ɗansa tana jingine a ɗakin nan ba zai taɓa wata sanda ba, zai ga kamar ya ce wa yaron kyautarka ba ta yi ba. Zai ci gaba da gwadawa da bayan hannu yana dukan bango har ciwon ya dawo ya same shi a zaune. Alhaji Mamman yana da wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya daɗe yana tambayar ƙarafa na dama masu kyau. Da babanku ya shiga wanka na sa aka fitar da jakar ta ƙofar baya. Baƙaƙen na kai wa mai faci, ya kankare ruɓaɓɓiyar robar ya naɗe mariƙin da tsagin tib na keke, na ce ya yi kauri, hannu ɗaya ne zai riƙe. Da la'asar na ɗauki mai lamba bakwai na jingine a inda jakar take, na zauna ina tsince shinkafa. Ya dubi kusurwar, ya miƙa hannu ya ɗauko, ya juya kan ƙarfen ya ga inda fuskarsa ke duba. Sai ya juyo ya dube ni.

"Wa yag gaya miki?"

"Yaya Hassu ta."

"Na yaron ga hwa, ina su?"

"Na musanya su."

"Kin ɗauko ma kanki magana, Hajiya."

"Na sani. Kai dai ka tashi."

Bai tashi ranar ba, bai tashi washegari ba. Har na fara tunanin na yi asarar ɗa da miji a ciniki ɗaya. Sai wata safiya ina dama koko na ji wani ƙas a bayan ɗaki, na leƙa na ga ya rataye tsohuwar tabarma a igiyar shanya yana buga mata ƙwallo. Lahadin da ta biyo baya Mushe Idi ya shigo da mota har cikin gida, don babanku ya ce ba zai tsaya a titi ba, ni ma na shiga baya ba wanda ya gayyace ni. A fakon Malbaza na zauna a inuwar motar ina kallo. Ya ɗora ƙwallo a guntun kafet ɗinsa, ya tsaya ta gefen da bai taɓa tsayawa ba, hannun dama a soke cikin aljihun riga. Ya kaɗa sau ɗaya. Ban san nisan da ake so ba, na dai ga abin ya tashi ya miƙe ya sauka can kusa da karan, na ga Mushe Idi ya cire hula ya mayar. Babanku bai yi murmushi ba. Ya tsaya yana duban tafin hannunsa, sannan ya bi ƙwallon yana jan ƙafa, kuma ranar sai da ya zaga fakon duka. A hanyar dawowa, da Mushe Idi ya sauka sayen mai, ya yi mini magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Kak ki hwaɗa ma ɗiya abin da tsoho yay yi. Ga ganinai gyara na shika yi. Kuma yaron ga kak shi ji kyautatai ta ta aje ni ɗaki."

Na yi masa alkawari, kuma alkawarin nan ne ya ci ni. Da Babbar Salla yayanku ya zo, ya shiga ɗaki ya ga baƙaƙen ƙarafa naɗe da tib a inda ya bar jakarsa. Ya same ni a madafa, bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.

"Inna, ko kyautar da niy yi ma Baba sai da kinka kai ta kasuwa?"

Na ce waɗannan sun fi yi masa. Ya ce da na buga masa waya, da ya sa an kawo na hagun sababbi. Yana da gaskiyarsa. Ni dai na ga watannin da za a yi ana jira, na tuna fuskar likita, kuma ban iya duban ɗana in ce masa abin da ya kawo da zuciya ɗaya shi ke karya ubansa kullum safiya ba. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Bai ci naman da na soya masa ba. Daga shekarar nan gaisuwarsa ta zama ta waya, gajera, in ya aiko da abu sai ya aiko ta hannun ƙanwarsa. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi, kuma da za a mayar da ni shagon Alhaji Mamman da baƙaƙen zan sake ɗauka.

Duk da haka aikin bai ƙare ba. Babanku yana zuwa fako, yana cin abinci da kyau, tansiyo ya sauka, amma daga cikin gida yake shiga mota, a cikin gida yake sauka. Titin unguwarmu bai taka ba, Juma'a kuma a ɗaki yake yin azahar. Magana ta kai ƙauye. Wata Juma'a da hantsi sai ga Baffanku Liman ya sauka daga motar kasuwa, da rawaninsa da sandarsa, ya zauna a zaure ya ce a kira masa ƙanensa. Tun kafin ya fito ya fara faɗa, yadda na cikin gida za su ji, wai an ce mutum ya kasa zuwa masallaci amma yana iya zuwa Malbaza wasan Nasara, kuma wai da hagu. Ina bayan ƙofa da ƙwaryar fura, kuma a raina na ce rabin maganarsa gaskiya ce. Babanku ya fito. Baffanku ya miƙe ya miƙa masa hannu. Na jira in ga ya tallafo damar kamar yadda yake yi wa likita. Sai ya bar ta a aljihu, ya miƙa hagu.

Baffanku ya tsaya yana duban hannun. Hannun riga ya zame, tabon yana waje. Sai tsohon ya ce:

"Wanga na niy yi ta bugu da ludayi?"

"Shi na, Yaya. Shi ɗai yar rage min."

Baffanku ya jingine sandarsa a bango, ya kama hannun da nasa biyu, ya riƙe.  Sannan ya ce lalura ce, Allah ya sani, malamai ma sun sani, babanku ya ɗauko hularsa su tafi masallaci ya ga wanda zai ƙi karɓa.

Na fito bakin ƙofa da ƙwaryar a hannuna, abin da ban saba yi ba. Suna tafe a hankali, babanku yana jan ƙafa, wansa yana daidaita taki da shi. Mai shagon kusurwa ne ya fara fitowa ya miƙo hannu. Na ga babanku ya ɗaga hagu, na ga Baffanku ya tsaya a gefensa yana duban mutumin cikin ido har ya karɓa. Na gaba bai ma jira an dube shi ba. Da suka sha kwana na koma ciki, na ce a ƙara shinkafa a tukunya, a share zaure a shimfiɗa babbar tabarma.